A Bar Yaran Ƙaramar Sakandare Su Tona Ƙasa a Darasin Tarihi

A taron iyaye da malamai na wata makaranta a nan cikin garin Bauchi, wani uba ya miƙe ya kai ƙarar malamar tarihi ta aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Laifinta shi ne ta sa yara sun kawo fasassun tukwane daga gida, ta cika bokitai da ƙasa, ta raba musu cokula da tsofaffin burushin goge baki, ta ce su tona. Ɗansa ya koma gida gaban rigarsa duk jar ƙasa.

"Malam," in ji shi, yana duban shugaban makarantar, "mu karatu muka kawo su, ba wasan ƙasa ba. In wasan ƙasa ne, ai akwai ta a ƙofar gida kyauta."

Aka yi dariya, wasu suka gyaɗa kai. Shugaban makaranta ya ba da haƙuri, ya ce za a duba. Wannan haƙurin shi ya fi ɓata mini rai, domin a ganina malamar nan ce kaɗai ta koyar da darasin yadda ya kamata a koyar da shi.

Matsayina ke nan tun daga farko: ilimin binciken kayan tarihi na cikin ƙasa, wanda 'yan boko ke kira akiyoloji, ya kamata yaran ƙaramar sakandare su koye shi da hannunsu, a cikin aji da harabar makaranta. Ba don su zama farfesoshi ba. Don su ne za su fara cin karo da kayan nan idan sun girma.

Wa ke fara ganin kayan?

A 1987 wani makiyayi, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke ƙaramar hukumar Fune a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani abu mai tauri a can ƙasa. Bai fasa shi ya wuce ba, ya kai labari. Abin da aka fito da shi daga baya kwalekwale ne mai tsawon mita 8.4, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa.

Kayan Nok, siffofin nan na gasasshen yumɓu da yaranmu ke haddace sunansu, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. Wani kan mutum na yumɓu da aka samu a wajen Jama'a a farkon shekarun 1940, mutum-mutumi aka yi da shi a gonar doya don korar dabbobi, kafin ya isa hannun Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg, wanda daga baya ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Kawunan tagulla na Ife, masu haƙa harsashin gida ne suka same su a 1938. Kayan tagulla na Igbo-Ukwu a jihar Anambra ta yanzu kuma, wani mutum ne ya same su yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa.

Ka duba jerin nan da kyau. Makiyayi, lebura, magini, mai gida. Babu masani ko ɗaya a cikin waɗanda suka fara taɓa kayan. Masani sai an kira shi yake zuwa, kuma ba a kiransa sai wanda ya tono abin ya gane cewa ba tarkace ba ne.

To yaron da ke aji biyu yau a Darazo ko Toro ko Alƙaleri, me zai zama? Wasu za su kai jami'a, Allah ya sa. Amma da yawa daga aji uku karatun zai tsaya, su koma noma, gini, haƙar rijiya, tuƙin tifa, haƙar ma'adinai. Su ne Malam Ya'u na gobe. In ba a nuna musu a ƙaramar sakandare ba, babu wani ajin da za a sake samunsu a ciki.

Abin da ke cikin bokitin

Bari in bayyana aikin, tunda masu sukarsa yawancinsu ba su tsaya sun gani ba.

Malami zai sami bokitin fenti, ko babbar robar ruwa da aka yanke bakinta wadda ake hango cikinta. A can ƙasa ya zuba jar ƙasa, ya binne wuri biyu ko uku da tsingaro. A kai ya zuba toka da gawayi, ya sa anini mai huda irin na zamanin Turawa. Sai yashi, da kwabon ƙarfe. A can sama baƙar ƙasa, da ledar fiya wata da katin waya da aka kankare.

Yara ba su ga lokacin da aka zuba ba. Aikinsu su kankare ƙasar a hankali, hawa-hawa, ba su zura hannu su zaro abu ba. Duk abin da ya fito, ɗaya ya auna zurfinsa da rula, ɗaya ya zana shi, ɗaya ya rubuta a wace irin ƙasa aka same shi, sannan a sa shi a leda da 'yar takarda.

Ƙa'idar farko ba ta da wuya: kamar kayan cikin adakar tsohuwa ne, zanen da aka fara sakawa shi ne a ƙasa. Amma daɗin darasin yana zuwa ne sa'ad da malami ya fara tambaya. Wannan hawa na sama, yaushe aka zuba shi? Yaro zai ce bai sani ba. Sai a ce masa, wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001. Shiru kaɗan, sai wata ta ɗaga hannu: to ba zai yiwu a ce kafin 2001 ba ne. Hawan kwabo fa? Naira da kwabo sun fara aiki a 1973. Nan take za su gane.

Sai malami ya jefa musu tarko: in an sami anini a hawa ɗaya da katin waya fa? Wani zai ce ƙasar ta zamanin Turawa ce. Wata za ta ce a'a, ai kakarta har yanzu tana da anini a cikin gwangwani, tsohon abu yana iya daɗewa a hannu kafin ya faɗi. Wani kuma zai ce ko gafiya ce ta yi rami ta cakuɗa su. Duka biyun nan na ƙarshe abubuwa ne da masu binciken gaske ke fama da su a fili. Abu mafi sabunta a cikin hawa shi ke faɗin shekarunsa, ba mafi tsufa ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya kai ga wannan da kansa, ba a rubuta masa a allo ba.

Wannan ba ƙirƙirar aji ba ce kawai. Masara da taba daga nahiyar Amurka suka zo mana, bayan shekarar 1500. Saboda haka tsingaron da aka yi wa ado da totuwar masara, ko guntun lofe, suna gaya wa mai bincike cewa wurin da ya same su bai wuce waɗannan shekaru ba. Inda babu irin wannan shaida, sai a ɗauki gawayi ko ƙashi a kai ɗakin gwaji, a auna sinadarin kabon da ke raguwa da rabi duk shekara 5,730. Shi ya sa mai bincike ke murnar ganin toka fiye da yadda mai gida ke murnar share ta.

Aiki na biyu ya fi sauƙi. A sayo tukunya da kasko da tulu, a fasa su, a cakuɗa, a cire wasu guntaye a ɓoye. Yara su ware, su haɗa da ƙaro ko gam. Daga guntun baki kaɗai, in aka ɗora shi a kan da'irori da aka zana a takarda, za su iya faɗin girman bakin tukunyar. Baƙin hayaƙi a gindi ya nuna an ɗora ta a murhu. In aka gayyato tsohuwa mai ginin tukwane ta zauna a gaban aji, za ta ɗauki tsingaro ta juya shi sau ɗaya ta ce wannan na tulu ne, wannan yumɓun ba na nan ba ne. Yara su ga cewa ilimi ba a cikin littafin Turanci kaɗai yake ba. Ita ma, in gaskiya za a faɗa, ta daɗe ba wanda ya tambaye ta komai.

"Gumaka ne da tonon kabari"

Wannan ita ce sukar da ba a cika faɗa a taro ba, sai an fito waje. Kuma ba na raina ta. Uban da ya ga hoton kan Nok a littafin ɗansa, ya ji ana cewa "abin alfaharinmu", yana da haƙƙin ya tambaya me ake koya wa yaron.

Amsata ita ce, sanin abu daban, girmama shi daban. Malamanmu na zaure suna karantar da labarin Adawa da Samudawa da Fir'auna, ba wanda ya ce suna kira a bi su. A Suratur Rum, aya ta 42, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Duba kufai na cikin wannan.

Sannan mafi yawan abin da ake tonowa ba gunki ba ne ko kaɗan. Tsingaro ne, dutsen niƙa, ƙashin akuya, ƙwayar gero da ta ƙone, kashin maƙera. Tambayoyin su ne: me suka ci, da me suka yi noma, da wa suka yi ciniki, me ya tashe su daga wurin. Batun kabari kuwa, babu malamin da ke da hurumin kai yara kusa da maƙabarta, tsohuwa ko sabuwa. Wannan a rubuta shi ɓaro-ɓaro a gaya wa iyaye tun ranar farko.

Kuma tarihin Musulunci a ƙasar nan shi ma yana cikin ƙasa da gini. Ganuwar Bauchi da Malam Yakubu, sarkin Bauchi na farko, ya kewaye gari da ita a farkon ƙarni na 19 kayan tarihi ce. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, tun 1956 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Wanda ya ce a rufe ido daga wannan ilimi, har da waɗannan ya ce a rufe.

"Ina kuɗin, ina wurin?"

Bokiti, ƙasa, toka, igiya, cokali. Wanne ne babu a gidan kowa? Darasin kimiyya na buƙatar sinadarai da gilasai, na kwamfuta na buƙatar wuta. Wannan kam ko makarantar da ba ta da ƙofa za ta iya.

Matsalar gaske ita ce yawan yara. Akwai azuzuwan da wasu a ƙasa suke zama, malami ko hanyar wucewa ba ya samu. Bokiti ɗaya ba zai ishe su ba, kuma minti arba'in ba ya isa. Na yarda. Amma a raba su rukuni-rukuni a fita gindin bishiya, a haɗa darasi biyu a jere, sau ɗaya a zango. Ba kullum ake nema ba. Ana samun lokacin share fili da atisayen maci na wasannin makaranta har na makonni, ba a taɓa cewa lokaci ya yi kaɗan ba.

Fita waje ma ba sai an yi hayar mota ba. Yaran cikin gari suna bi ta Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nasarawa kullum, amma ka tambaye su ƙofar mece ce, ina bangon da aka yi wa ƙofar, sai su yi ta kallonka. A kai su inda ragowar ganuwa take, su auna faɗinta da taku, su zana, su tambayi dattawan unguwa ina ta bi, ina aka ɗebi ƙasar gina ta. Sunan unguwa kansa shaida ne: wanda ke zaune a Karofin Madaki ya tambaya ina karofin yake, ina ramukan rinin suka tafi.

Makarantun da ke da hali su wuce haka. Akwai zanen dutse na Geji a ƙasar Toro, da na Shira, da na Shadawanka a nan bakin gari, inda magabata suka zana shanu da jan launi a jikin dutse. A Yankari, bayan giwaye da ruwan Wikki da kowa ke rububi, akwai kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da tsofaffin matoyan narka tama. Makarantu na kai yara can yawon buɗe ido, su yi wanka, su ɗauki hoto, su dawo ba wanda ya nuna musu ko ɗaya. A Kariya Wuro an tono kayan aikin dutse a farkon shekarun 1980. A yankin Kirfi an yi bincike a kan tsofaffin garuruwan kan tudu da wuraren narka ƙarfe da marina. Duk a jiharmu. Amma yaron Kirfi ya san Igbo-Ukwu, bai san Kirfin Sama ba.

"Ba ya kawo maki, ba ya kawo aiki"

Batun maki, ai yana cikin manhaja. Tarihin aji ɗaya na farawa ne da ma'anar tarihi da hanyoyin samo shi, sannan Nok, Ife, Benin da Igbo-Ukwu. Yaron da ya tona bokiti ba zai manta amsar tambayar hanyoyin samo tarihi ba, domin ya riƙe su a hannu. Wanda ya kwafa daga allo, bayan jarrabawa da mako guda ta tafi. Gani ya kori ji.

Ga lissafi a ciki: awo, zurfi, zana taswira da sikeli. Ga kimiyyar ƙasa. Ga rubuta rahoto a jimla cikakkiya, abin da yaranmu da yawa ke kasawa har su gama babbar sakandare.

Batun aiki kuwa, gaskiya ne, guraben aikin wannan fanni kaɗan ne, kuma ba zan yaudari kowa ba. Amma ba don kowa ya zama likita ake koyar da sassan jiki ba. Abin da yaro ke fita da shi daga wannan darasi tambaya ce guda: ta yaya aka sani? Yanzu da kowane hoto ke yawo a WhatsApp da Facebook da labarin da aka liƙa masa, wai ga takobin wane, wai ga sawun wane a kan dutse, ina ganin yaron da aka saba masa da neman shaida ya fi wanda aka saba masa da "haka malam ya ce" kariya. Shi kansa tarihin baka da muke ji daga kakanni, ba raina shi ake koya wa yaro ba. Ana koya masa ya ajiye shi gefe da abin da ƙasa ta nuna, ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Tsoron da ya fi ƙarfi

Akwai suka ɗaya da na fi ɗauka da nauyi, kuma ba daga masu ƙin boko take fitowa ba. Ita ce: in ka koya wa yara cewa akwai abu mai daraja a cikin ƙasa, ba ka koya musu sata ba kuwa?

Ba tsoron banza ba ne. A shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok wawaso, ƙauyuka suka koma haƙa, dillalai na saye suna fitarwa Turai. Abin da aka fasa a garin neman wanda zai sayu ba shi da iyaka. A ƙasar da talauci ya yi katutu, kalmar "daraja" kuɗi take nufi a kunnen mutane.

Amma a lura, waɗanda suka yi wannan haƙa ba a aji suka koya ba. Dillali ne ya koya musu, kuma shi kaɗai ne ya taɓa yi musu bayanin kayan. In makaranta ta yi shiru, ba shiru yaron zai ji ba, muryar dillali zai ji.

Aikin bokiti, in an yi shi daidai, akasin haka yake koyarwa. Malami ya ware bokiti ɗaya ya ce wa wani rukuni su juye shi a ƙasa su tsince kayan cikin minti ɗaya. Za su sami duk abin da sauran suka samu, har su riga su. Sai a tambaye su: wanne ne ya fi tsufa, wurin ko aninin? Wanne aka samu tare da gawayi? Ba su da amsa, kuma ba za a taɓa samunta ba, domin ba a mayar da ƙasa yadda take. Kayan na nan, labarin ya tafi. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna wa yaro ɓarnar haƙar sata ba.

Daga nan sai a gaya musu doka. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ta hana haƙa neman kayan tarihi ba da izini ba, ta hana cinikinsu da fitar da su waje yadda aka ga dama, ta kuma wajabta kai rahoton abin da aka tsinta. Saboda haka malami ma ba shi da ikon kwasar yara zuwa kufai da fatanya. A kufai ido da fensir kawai ake amfani da su. Tono a bokiti yake tsayawa. Wanda ya ci karo da wani abu a gona ko a rami, ya dakata, ya bar shi inda yake, ya ɗauki hoto in da waya, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci.

Su wa za su koyar?

Nan ne gizo ke saƙar. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon 2009/2010, aka yi shekaru fiye da goma ana yaye ɗalibai ba shi, masu sha'awar karanta shi a kwalejojin ilimi suka ragu tunda ba aikin yi. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a Nuwamban 2022, malamai 3,700 aka ware don horarwa, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Bauchi na da ƙananan hukumomi 20. Biyar-biyar ke nan.

Don haka a makarantu da yawa wanda ke riƙe da darasin wani fanni ya karanta, an dai miƙa masa littafi an ce ya shiga. Ba laifinsa ba ne in ya tsaya ga kwafe a allo. Kuma in aka ce ya yi aikin bokiti ba tare da an nuna masa ba, zai zama wasan ƙasar da ake zargi: yara su yi ta tono suna ihu, wanda ya fara samun kwabo ya ci. Wannan kam gara a bari.

Sai dai horon da ake buƙata ba na shekara ba ne. Yini biyu ya isa a nuna wa malami yadda ake jera hawa, yadda ake rubuta abin da aka samu, da tambayoyin da zai yi. Kwalejojin ilimi na Azare da Kangere za su iya sa shi cikin koyon koyarwa. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Jos suna da sassan wannan ilimi, kuma ɗalibansu na fita aikin fili. In hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta nema, ba na jin za a rasa masu zuwa lokacin hutu su zauna da malamai. Masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta fannin, a daina tura su koyar da Turanci, a ba su tarihin aji ɗaya.

Iyaye kuma abin da ake nema a wurinmu bai taka kara ya karya ba: fasasshen kasko, tsohon kwabo in akwai, da tsohuwar riga da yaro zai ɗora a kan yunifom ranar da za a yi aikin.